Ranar da Na Ba Sahabi Hannun Inji

Ku 'ya'yana, abin da zan rubuta a nan ya shafi ƙanena, Baba Sahabinku, wanda yau shekara goma sha huɗu ke nan babu ɗayanku da ya taka ƙofar gidansa a Shanga. Kun tashi kuna jin cewa shi ya yi sanadin mutuwar yayarku Balki, saboda rawar kai da son a ce ya iya tuƙi. Ni na faɗi wannan magana da bakina a gaban jama'a, kuma ƙarya ce. Na fara da faɗin haka ne don na san halina. Idan na bari sai ƙarshe, zan yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare ban faɗa ba.

Kun san sana'ata fito ce. Ina ɗaukar mutane da kayansu a jirgin inji daga gaɓarmu ta wajen Wara zuwa kasuwar ƙetare. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa mutane suke barin jirage uku a tsaye su jira nawa. Lokacin da aka tare kogi ruwa ya taso ya cinye tsohon garinmu, ina da shekara kamar goma, kuma ni nake kiwon awakin Baba a wannan fadama da yanzu take ƙarƙashin tafki. Ruwa ya rufe gonaki da itatuwa, amma itatuwan ba su tafi ko'ina ba. Kirya ba ta ruɓewa. Tana nan tsaye har gobe, kuma idan ruwa ya ja baya da bazara, kawunan kututturan suna zuwa dab da sama, ba ka ganinsu sai sun huda maka jirgi. Ni kuwa na san inda kowace take, don a gindinsu na yi barcin rana ina yaro. In na ɗora dutsen ƙetare a kafaɗar dama, na sa giginyar gungu, tsibirin nan na tsakiyar ruwa, a hancin jirgi, zan ratsa tsakaninsu ido rufe. Wannan sanin shi ne dukiyata, na kuma yi rowarsa fiye da yadda mutum yake rowar kuɗi. Sahabi bayan zuwan ruwa aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar nan da idonsa ba. Shekara goma sha ɗaya yana gaban jirgina, yana loda kaya, yana riƙe gora, yana kwashe ruwa. Duk lokacin da ya ce in nuna masa hanya, sai in ce masa gobe.

Jirin ya fara zo mini ne a kan tudu, wata hantsi, ina ɗaure igiya. Da farko kunnena na hagu, wanda yake fuskantar inji, ya toshe kamar ruwa ya shiga, ya kama ƙugi. Na sa yatsa ina girgiza shi. Can sai gaɓar ta karkace, rumfunan masu kifi suka fara wucewa ta gabana suna dawowa, ƙafafuna suka ƙi ni. Na durƙusa na riƙe turke, zuciyata ta tashi, na amayar da duk kunun da na sha. Na fi awa biyu a kwance bayan rumfa, ko ido na buɗe sai sabon amai. Da ya sake ni na tashi na wanke fuska, na ce wa kaina rana ce. Bayan mako uku ya dawo. Bayan kwana goma ya sake dawowa, a tsakar gida, gaban innarku Kulu da kakarku Inna.

Daga nan gidan ya cika da likitoci. Inna ta ce mutanen ruwa ne, wai na daɗe ina ratsa musu gida ban taɓa ba su ko farar kaza ba. Ta sa aka turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja, na sha rubutu ƙwarya-ƙwarya. Kulu ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa mini saiwoyi masu ɗaci. Mai kemis ya ba ni wata 'yar ƙwaya da take rage tashin zuciya, amma ta bar ni ina gyangyaɗi a kan inji. Duk na sha, don babu ɗayansu da ya ce in bar ruwa. Abin da na fi tsoro shi ne maganar ta fita waje. Ni ne fa mai yi wa Fulani dariya idan igiyar ruwa ta taso suka ƙanƙame gefen jirgi suna kiran sunan Allah. Ni ne mai cewa wanda zai yi amai ya juya wa kifi, kada ya ɓata mini katako. A ce yau ni ke jiri? Wa zai ƙara sa ɗansa a jirgina?

Sahabi ya gane tun a karo na biyu, don shi ya same ni bayan rumfa ina rungume da ƙasa. Ya kawo ruwa a buta, ya tsuguna ya tare ni da jikinsa don kada masu wucewa su gani. Da na dawo hayyacina ya ce:

"Yaya, wagga juwa ba ta wasa ba ta. In tas same ka tsakiyar ruwa hwa? Ka gwada min hanya ko da rabi."

Na ce, "Kai dai inji kaka so. In ka hwaɗa ma kowa, ba ni ba kai."

Bai faɗa wa kowa ba. Ban kuma gwada masa ba.

Kulu ce ta matsa sai da muka je asibiti a Yelwa. Ta ce in ban tashi ba za ta je ta kira yayyenta su ɗauke ni a kan kafaɗa, kuma kun san innarku, za ta aikata. Muka je, ta zauna a benci a waje, na shiga ni kaɗai. Likitar mace ce, ba za ta girmi Balki ba, har na fara raina ta a zuciyata. Ta sa aka auna jinina ina zaune, aka sake aunawa ina tsaye. Aka ɗebi jini aka duba sukari da yawan jinin. Ta tambaye ni ko ina cin abinci kafin in fita, ko ina shan ruwa isasshe, ko ina shan wani magani. Ta kwantar da ni ta juya mini kai dama da hagu tana kallon ƙwayar idona. Ta rufe mini kunne ɗaya ta yi magana a hankali a ɗayan, sai ga shi na hagun ba ya jin rabin abin da take faɗa. Sannan ta zauna ta yi mini bayani, ba gaggawa:

"Baba, jiri da tashin zuciya ba ciwo ɗaya ba ne, abubuwa da yawa suna kawo su. Akwai hawan jini ko faɗuwarsa, akwai ƙarancin jini, akwai sukari, akwai yunwa da ƙishirwa, har wasu magunguna suna sa shi. Duk na duba, naka lafiya lau. Ina zaton naka daga can cikin kunne yake. Akwai wani ɗan wuri a ciki da yake riƙe wa mutum daidaito, in ruwan da ke cikinsa ya yi yawa sai duniya ta yi ta juyawa. Ba ya kisa, amma ba ya sallama kafin ya zo."

Ta ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in rage goro da shayi mai ƙarfi, in riƙa samun barci. Ta ce in na ji kunnen ya toshe in nemi wuri in kwanta tun kafin in faɗi, in tsayar da idona a kan abu ɗaya, kada in yi ta juya kai, in amai ya lafa in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Ta ce ranar da jirin ya zo tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko magana ta sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani, wannan wani abu ne daban, a kawo ni a guje. Ta rubuta magani da takardar zuwa wurin likitan kunne a babban asibiti. Har na miƙe ta tambaye ni sana'ata. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro.

"Baba, ba za ka ƙara tuƙa jirgi ba sai an shawo kan wannan abin. Ba don kai kaɗai ba. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Na fito, Kulu ta taso tana gyara mayafi.

"Malam, mi tac ce?"

"Ta ce ki rage gishiri."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Takardar likitan kunne a tashar mota na yaga ta, lokacin da innarku ta juya tana sayen ƙosai. Ban yi haka don na ƙaryata likitar ba. Na yarda da ita sarai. Amma baki goma sha ɗaya ke ci a gidana a lokacin, ban iya noma ba, ban iya ciniki ba, kuma ban iya zama ana cewa wane a da ne ba. Kulu ta kama girki ba gishiri, kuna ta tsaki kuna ture kwano, kun tuna. Abin haushi kuma ya yi aiki. Wata huɗu jirin bai zo ba. Na ce na warke, na koma cin gorona.

Ranar kasuwar ƙetare ce, ƙarshen bazara, ruwa ya ja baya fiye da kowace shekara da na sani. Tun da na idar da sallar asuba kunnen ya toshe. Na san alamar, babu abin da ban sani ba. Kulu ta gan ni ina girgiza shi da yatsa ta tsaya da ludayi a hannu, na ce mata ruwan alwala ne. A bakin ruwa na tarar jirgi ya cika da buhunan albasa da kwandunan kifi da mutane. Balki ta zo daga gidan mijinta da kwandon bandarta a ka, ta durƙusa ta gaishe ni, ta shiga ta zauna a tsakiya cikin mata. Ina iya cewa inji ya lalace. Ina iya cewa kowa ya sauka ya bi wani jirgi. Na ja igiyar inji, ya tashi a ja ɗaya.

Mun wuce gungu, mun shiga inda tsohuwar fadamar take, a nan ya zo. Dutsen ƙetare da nake auna hanya da shi ya tashi daga dama ya koma hagu, ya sake dawowa. Na kira Sahabi. Ya tako bisa buhuna ya zo baya, yana ganin fuskata ya gane. Na kama hannunsa na ɗora a kan hannun inji, na sunkuya kamar mai gyaran tiyon mai, na sa kaina ta gefen jirgi ina amai. Kaya sun kare mu, mutane duk gaba suke kallo. Ina jin muryarsa a kaina:

"Yaya, in kashe inji? Bari in kashe mu tsaya."

Na ce, "Kak ka kashe, kas su gane."

"To ina ni ka bi? Yaya, ina ni ka bi?"

Idona a rufe, na ɗaga hannu na nuna masa. Har yau ban san inda na yi niyyar nunawa ba. Ya bi inda hannuna ya nuna daidai, bai kauce ko kamu ɗaya ba. Kututturen ya shiga ta ƙarƙashin jirgi da wata ƙara kamar an fasa icen girki, ruwa ya taso tsakanin ƙafafun mata, buhuna suka zame gefe ɗaya, jirgi ya kife. Masunta da ke kusa suka zo da kwale-kwalensu suka tsamo wanda Allah ya yi wa sauran kwana. Mutum uku ba su fito ba: wani tsoho Bafulatani da zai je sayen gishirin shanu, wata Bakambara mai sayar da tukwane, da Balki. Sai washegari da la'asar ruwa ya ba mu ita.

Bayan sadakar uku aka tara mu a ƙofar gidan mai gari. Sarkin jirgi yana nan, dangin mamatan suna nan, mijin Balki yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Masuntan sun ga Sahabi riƙe da inji, don haka tambaya ɗaya ce a bakin kowa. Sarkin jirgi, wanda muka yi ƙuruciya tare, ya dube ni ya ce:

"Kai da ba ka ba kowa inji, mi as sa kab ba shi, kuma a wurin nan?"

Na ce, "Tiyon mai yat toshe. Ya daɗe shina roƙo na in bar shi ya taɓa. Nac ce ya riƙe min kaɗan, ya yi dama. Shi kau yay yi hagu."

Aka juya ga Sahabi. Ban dube shi ba, tabarma nake kallo. Ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban dattawa, haka aka rene mu. Ya kuma san yawan bakin da ke ci a gidana, don shi yake kawo musu kifi. Da sarkin jirgi ya tambaye shi ko haka aka yi, sai ya ce:

"Yadda Yaya yac ce."

Aka ce ƙaddara ce, aka yi addu'a, aka hana shi taɓa jirgi a gaɓar nan har abada. Ni kuwa aka yi ta ba ni haƙuri. Na rasa 'ya, na rasa jirgi, duk ta dalilin ƙane mai gaggawa. Da na ce na bar ruwa saboda ba zan iya ƙara ratsa wurin nan ba, mutane suka ce Allah sarki, uba ke nan. Ashe abin da likita ta roƙe ni in yi, ina iya yin sa. Na koma sayar da man inji a bakin gaɓa, ga shi babu ɗayanku da ya kwana da yunwa.

Sahabi ne ya biya. A kasuwa mata suna janye 'ya'yansu in ya wuce. Surukansa suka zo suka tafi da matarsa, sai bayan shekara biyu ta koma. Abin da ya fi duka shi ne Inna. Balki a ɗakinta ta girma, ita ta yaye ta, sunanta ma aka sa mata. Ranar da Sahabi ya shiga gaishe ta, ta juya fuska ga bango ta ce:

"Hita. Kac cinye min takwara don son a gan ka bisa inji."

Ina tsaye a bakin ƙofa da butata a hannu. Kalma biyar ta isa in raba su da wannan, ban faɗa ba. Kafin damina ta ƙare ya kwashe kayansa ya koma Shanga wajen dangin Inna, ya kama noman albasa, shi da bai taɓa riƙe fartanya ba. Inna ta ƙara shekara uku a duniya. Da ciwon ajali ya kama ta ya zo, ta ce kada a bar shi ya shigo. Ya zauna a zaure tun safe har azahar, ya tashi ya koma. Wajen jana'izarta a sahun baya ya tsaya.

Innarku sau ɗaya ta taɓa tambayata. Bayan arba'in ɗin Balki ne, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ran nan juwar ta zaka maka?"

Na ce a'a. Ta ci gaba da tsintarta. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma fasa yi mini miya daban ba. Ban san abin da ta tafi da shi a zuciyarta ba, kuma wannan yana cikin abin da yake hana ni sakewa.

Ciwon bai rabu da ni ba. Daga baya na je wurin likitan kunnen, da ƙafata, ba wanda ya matsa mini. Ya tabbatar da abin da yarinyar nan likitar Yelwa ta faɗa, ya canza magani. Yanzu sai in yi wata shida bai zo ba, in ya zo kuma na san abin yi: in kwanta, in kafa ido a kan azara, in jira. Kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, shi ya sa kuke ganin ina juyo muku da dama. Ciwo ne da mutum zai rayu da shi har tsufa lafiya lau, in dai ya yarda a san yana da shi. Duk wanda ya ji irinsa a cikinku yana dawowa, ya je a auna shi, ya kuma faɗa wa iyalinsa duk abin da aka ce, ba rabin da ya yi masa daɗi ba. In sitiyari ne a hannunsa ko babur, ya ajiye.

Watan jiya na shiga mota na je Shanga, karo na farko. Na same shi a gona yana ban ruwa, ya yi furfura fiye da ni, duk da shekara goma sha ɗaya da na ba shi. Ya ajiye bokiti ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na ce masa zan rubuta gaskiya, zan kuma je gaban mai gari da dangin mutanen nan biyu in faɗa da bakina. Na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannu.

"Nawa na yahe tuni, Yaya. Na Inna dai, wanga ba ya gyaruwa."

Ya tambaye ni ku, ɗaya bayan ɗaya, da sunayenku na gida. Bai san wasunku sun yi aure ba, bai san sunan jika ko ɗaya ba. Ku tashi ku je, ku duka, kada ku aika da waya. Ku durƙusa a gabansa. Idan bayan haka kun ga ba za ku iya shigowa ɗakina ba, ba zan ce kun zalunce ni ba.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya. Na tambaye shi ko akwai abin da yake so in sa a cikin rubutun. Ya ce babu. Har mota ta tsaya, sai ya riƙe ƙofar ya ce:

"Ka rubuta musu sau huɗu nin nutsa ina biɗar Balki. Ban gudu ba."

Ga shi na rubuta. Sau huɗu ne, ni shaida ne. Ina cikin ruwan, rungume da jarkar mai, ina kallonsa.